Filin Tambaya da Amsa: Me ya raba mai doguwar hula da Guns N' Roses?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk sun karkata ne wajen kiɗa da rigimar makaɗa, shi yasa na tattara su wuri ɗaya. Masu tambaya kan kuɗin makaranta da maganar taki ku ƙara haƙuri, kuna kan layi.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Samaru: Salam Malam, ya aiki ya jama'a. Dan Allah akwai wani bidiyo da na gani a YouTube, wani mutum mai gashi buzu-buzu ya fito daga wani ɗan ƙaramin coci a tsakiyar fako yana kaɗa jita iska na wasa da gashinsa, abokina yace sunansa Slash kuma wai ya bar ƙungiyarsu ne lokacin da suke kan ganiyarsu. Ni abinda ya ɗaure min kai, mutum yana samun kuɗi haka duniya ta sanshi me zai sa ya tafi? Abokin nawa yace shaye-shaye ne kawai. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin naka bai yi ƙarya ba, shaye-shaye kam an yi shi ba na wasa ba, amma ba shine ya fitar da mutumin ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Bidiyon da ka gani na waƙar November Rain ne ta ƙungiyar Guns N' Roses, ya fito a 1992, kuma a 2018 ya haura kallo biliyan 1 a YouTube. Mutumin asalin sunansa Saul Hudson, an haife shi a Landan a 1965, uwarsa baƙar fata ce 'yar Amurka mai ɗinka wa mawaƙa kayan wasa, ubansa kuma Bature ne ɗan Ingila mai zane-zane, yana yaro aka koma dashi Los Anjelis can ya tashi. In ka nemi sauran hotunansa zaka ganshi da wata doguwar baƙar hula mai kama da tukunya, gashi ya rufe fuska, sigari a baki, jitar Gibson Les Paul ta sauko har wajen cinya. Da wannan kamannin duniya ta sanshi.

Kafin in kai ga dalili sai ka fara gane yadda irin waɗannan ƙungiyoyi suke, don ba irin namu bane. A wajenmu in aka ce Shata to Shata ne, masu kalangu da 'yan amshi yaransa ne, komai ƙwarewar mutum a kalangu ba zai tashi wata rana yace ƙungiyar nan ai tamu ce ni da Alhaji ba. Ɗan Maraya Jos kuwa shi da kuntiginsa ne, shi ke kiɗa shi ke waƙa, ba abokin rigima. Su kuwa masu kiɗan rok yawanci samari ne huɗu ko biyar sa'annin juna suke haɗuwa, ba ubangida ba yaro, suna ɗaya suke ci a ƙarƙashinsa. Akwai mai waƙa, akwai mai ganguna, akwai mai jita mai kaurin sauti da ke tafiya tare da ganga, akwai mai jitar da ke riƙe kiɗan, sai kuma mai jitar gaba wanda in an kai tsakiyar waƙa mawaƙi zai ja bakinsa yayi shiru ya bar masa fili, fitila ta dawo kansa, shi kaɗai yayi ta yi minti ɗaya ko biyu jama'a na ihu. To kaga kenan a dandamali ɗaya akwai mutum biyu da ake zuwa kallo.

Su biyar suka haɗu a Los Anjelis a 1985: Axl Rose mai waƙa, Izzy Stradlin mai ɗaya jitar, Duff McKagan mai jita mai kauri, Steven Adler mai ganguna, sai Slash. Talakawa ne futuk a lokacin, ɗan ɗakin da suke gwajin kiɗa nan ne wajen kwanan wasunsu. Kamfanin faifai na Geffen ya ɗauke su a 1986, albam ɗinsu na farko Appetite for Destruction ya fito a Yulin 1987, da farko ba wanda ya kula shi sai da ya shekara sannan ya hau na ɗaya a Amurka, yau ana maganar kwafi sama da miliyan 30 aka sayar a duniya. Daga nan ne fa kuɗi suka shigo, lauyoyi da manajoji suka biyo bayansu.

Ɓaraka ta farko a 1990 ne, suka kori Adler saboda ƙwayar hiroyin ta hana shi aiki, abin dariya abin takaici wasu cikin masu korar su ma a lokacin ba a cikin hayyacinsu suke ba. A Nuwamban 1991 Izzy ya ajiye da kansa. Wannan tafiyar tasa tafi yadda mutane ke ɗauka nauyi, don shi ya riga ya daina shaye-shaye, shi ke rubuta da yawa daga cikin waƙoƙin, kuma tare suka taso da Axl a garin Lafayette na jihar Indiyana, ya san hannunsa tun suna 'yan makaranta. Da ya tafi sai ya zama ba mai shiga tsakani.

Sai maganar latti. Sun yi wani dogon rangadi daga 1991 zuwa 1993, wasa sama da 190, kuma abinda aka fi tunawa dashi shine jira. Dubban mutane sun sayi tikiti sun cika fili, sauran makaɗan na bayan dandamali sun shirya jita a rataye a wuya, suna jin ihun jama'a yana canzawa daga na murna yana komawa na zagi, mai waƙa bai iso ba, awa ɗaya, awa biyu, wani lokaci fiye, kuma in aka wuce lokacin da aka yi da masu fili akwai tara da kuɗin ƙarin lokaci na ma'aikata, daga aljihun kowa ake cira. Ranar 2 ga Yuli 1991 kusa da birnin St. Louis, Axl ya hango wani da kyamara cikin 'yan kallo, yace masu gadi su karɓe basu yi ba, sai kawai ya daka tsalle ya faɗa cikin jama'a da kansa, ya dawo ya maka makirfo da ƙasa yayi tafiyarsa. Aka yi tarzoma aka farfasa kaya mutane da dama suka ji rauni. A Agustan 1992 kuma a Montreal ta Kanada suna wasan haɗin gwiwa da wata ƙungiyar rok mai suna Metallica, wutar ado ta dandamali ta ƙona mai waƙar Metallica James Hetfield aka wuce dashi asibiti, jama'a suka zauna jiran Guns su fito su share musu hawaye, aka daɗe kafin su fito, suka yi 'yan waƙoƙi Axl yace maƙogwaronsa ba daɗi ya sauka. Ranar har motoci aka kifar.

Duk wannan da ana iya haƙuri dashi. Inda gizo ke saƙar shine takarda. Slash da Duff sun ce a tsakiyar wannan rangadin aka miƙo musu takarda cewa in ƙungiya ta watse sunan Guns N' Roses na Axl ne shi kaɗai, aka kuma nuna musu in basu sa hannu ba to ba zai hau dandamali ba, su kuma sun ga abinda ya faru a baya in bai hau ba, sai suka sa. Axl ya ƙaryata wannan labarin, yace ba a yi haka ba, kuma da tilasta musu akayi da tuni kotu ta rushe takardar. Ko ma yaya akayi, abinda ba a jayayya akai shine hannu dai sun sa, suna kuma ya koma nasa. A 1995 sai ya aiko da sanarwa ta hannun lauya cewa ya fita daga tarayyar da ke tsakaninsu zai kafa sabuwar ƙungiya, da wane suna? Da wannan dai sunan. Wanda ke so ya biyo shi sai ya shigo a kan kwantiragi. Ka ɗauka ku biyar kuka haɗa jari kuka buɗe shago a kasuwar Sabon Gari, kuka sha rana kuka sha bashi har shago ya kafu kwastoma suka san ƙofa, rannan ɗayanku ya zo da takarda yace allon da ke saman ƙofa nasa ne, amma kar ku damu, kuna iya ci gaba da zama a matsayin yaran shago ana biyanku. Ko nawa ne albashin, zaman ba zai yi daɗi ba.

Ana cikin haka kuma ga cin fuska. A 1994 aka basu aikin sake rera wata tsohuwar waƙar ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila saboda wani fim. Slash ya je situdiyo ya kaɗa nasa ya tafi, da aka gama haɗawa ya saurara sai yaji wata jita na bin tasa tana amsa mata, ashe Axl ya kawo wani abokinsa na Indiyana mai suna Paul Tobias ya ɗora akai ba a shawarce shi ba. Gilby Clarke kuwa da ya maye gurbin Izzy, wanda suke ɗasawa da Slash, an riga an sallame shi. Ka tambayi duk wani makaɗi ko na kalangu ne, a taɓa masa kiɗa bayan ya bar wajen ba a faɗa masa ba, yafi jin zafinsa akan a rage masa kuɗi. Slash ya kawo waƙoƙin da ya tanada don sabon albam Axl bai karɓa ba, don shi hankalinsa ya fara tafiya wajen kiɗan na'ura da kwamfuta, shi kuma Slash yana nan kan jita da sifika kamar yadda aka faro. Sai ya kwashi kayansa ya kafa wata 'yar ƙungiya Slash's Snakepit suka fitar da albam a 1995. Aka ɗan yi ta ƙoƙarin zama a situdiyo abu yaƙi, a Oktoban 1996 ya fita, Axl ya aika wa tashar MTV saƙon faks cewa mutumin baya cikinsu. Wasan ƙarshe da suka yi tare kafin nan a Buenos Aires ta Ajantina ne, Yulin 1993.

A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito 2007 Slash ya lissafa dalilai uku da bakinsa: wulaƙanta 'yan kallo da ma'aikata ta hanyar latti, maganar suna da maida su 'yan kwantiragi, da kuma tafiyar Izzy da Adler. Shi kuma Axl nasa zancen daban, yace Slash ne ya so ya ƙwace ragamar ƙungiya, ya kawo waƙoƙi yace a ɗauka yadda suke ba gyara. Ni dai in ka tambaye ni, duka biyun kowa nada taurin kansa, kuma Slash ba waliyyi bane, giya ta kusa kashe shi, a 2001 yana ɗan shekara 35 likitoci suka samu zuciyarsa ta raunana har sai da aka dasa masa na'ura a ƙirji. Amma ka lura, yana sha tun kafin su yi suna, yana sha suna kan ganiya, ya ci gaba da sha shekaru bayan ya fita, to abinda yake nan tun farko ba zai zama shine dalilin fita a 1996 ba. Abinda ya canza a tsakani shine wa ke da suna wa ke da ta cewa. Shaida kuma ita ce Duff, wanda a lokacin ya riga ya daina sha bayan rashin lafiyar da ta kwantar dashi a 1994, shima a 1997 ya tattara ya bar wajen.

TAMBAYA, daga wata 'yar uwa a Tudun Wada: Yaya barka da aiki. Na taɓa jin wai Michael Jackson ne ya haɗa su faɗa, kuma wai shi Slash ɗin ne ya kaɗa jitar Beat It. Gaskiya ne?

AMSA: Yauwa ƙanwata. Ta biyun dai a'a, wannan kukan jitar na tsakiyar Beat It aikin wani mai jita Eddie Van Halen ne, a 1982, lokacin Slash ko fara suna bai yi ba. Inda Slash ya shigo shine albam ɗin Dangerous na 1991, shi ya kaɗa a waƙar Give In to Me, kuma sun sha hawa dandamali tare har zuwa wasan Niyok na 2001.

Maganar haɗa faɗa kuwa daga bakin wani tsohon manajansu Doug Goldstein ta fito a 2015, yace Axl, wanda ya taɓa faɗa a fili cewa an ci zarafinsa yana ƙarami, bai ji daɗin ganin Slash na aiki da Jackson ba saboda zarge-zargen da ake yi masa kan yara. To amma ki duba lissafi, zargin farko a 1993 ya fito, aikinsu kuwa ya riga shi da shekara biyu, kuma cikin dalilan da Slash ya lissafa babu wannan. Ƙila ya ƙara wa wutar itace, amma ba daga nan ta tashi ba.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Kongo: Malam ina gaisuwa. Na lura kusan duk labarin watsewar waɗannan ƙungiyoyi sai kaji mai jita ne ya tafi. Me yasa kullum su?

AMSA: Ina amsawa Malam, Allah ya ƙara basira. Ba kullum bane amma lurarka na kan hanya, kuma dalilan ba iri ɗaya bane.

Akwai na haƙƙin rubutu. A can kuɗin da ke daɗewa yana shigowa ba na wasa bane, na wanda aka rubuta sunansa ne a matsayin mai waƙar, duk sanda aka sa ta a rediyo ko fim ko aka sayi faifai kasonsa na zuwa har bayan ransa. Mick Taylor ya shiga Rolling Stones a 1969 yana ɗan shekara 20, masana da yawa na ganin zamaninsa ne ƙungiyar tafi kiɗa mai daɗi, amma waƙoƙi na fitowa da sunan Jagger da Richards, jagororin ƙungiyar, shi yana ganin akwai waɗanda da hannunsa a ciki ba a sa shi ba. A Disambar 1974 yace ya tafi, ya kuma faɗa daga baya cewa tsoron ƙwaya ta hallaka shi na cikin abinda ya kore shi.

Akwai wanda sunan ne ma baya so. John Frusciante ya shiga Red Hot Chili Peppers a 1988 yana ɗan 18, da albam ɗinsu na 1991 ya fashe suka koma cika manyan filaye sai abin ya dame shi, a Mayun 1992 suna tsakiyar rangadi a Japan yace shi fa ya gama. Ya faɗa ƙwaya shekaru har aka fidda rai, ya warke ya dawo 1998, ya sake fita 2009 wannan karon lafiya lau ba faɗa, ya kuma sake dawowa a ƙarshen 2019. Eric Clapton ma tun 1965 ya bar Yardbirds daidai lokacin da suka samu waƙar da ta shiga kasuwa, don a ganinsa sun saki kiɗan bulus na asali, wato tsohon kiɗan baƙaƙen Amurka, sun bi abinda zai sayu.

Akwai kuma na gida ɗaya. Noel Gallagher na Oasis, 'yan Manchester ɗin nan masoya Man City, shi ke jita shi ke rubuta yawancin waƙoƙi, ƙaninsa Liam ke rerawa, uwa ɗaya uba ɗaya. A Agustan 2009 a Faris ana dab da hawa dandamali suka kaure a ɗakin shiri, aka fasa wasan, Noel yace ba zai ƙara kwana ɗaya yana aiki da ƙanin nasa ba. Sai 2025 aka sake ganinsu tare a dandamali.

Kar kuma a ɗauka ciwon Turawa ne kaɗai. A nan Najeriya Oriental Brothers na ƙasar Ibo suna tashe a shekarun 1970 mai jitarsu Kabaka ya ɓalle ya kafa tasa. A Kwango Dakta Nico, wanda har yau ake ji da salon jitarsa, ya bar African Jazz a 1963 shi da mawaƙi Tabu Ley suka kafa African Fiesta, ba a jima ba su ma suka raba gari kowa ya ja nasa ɓangaren. Tony Allen ba mai jita bane, ganguna yake kaɗa wa Fela, amma shima maganar kuɗi da rashin sa sunansa ce ta raba su a ƙarshen shekarun 1970. Abinda yasa aka fi jin na masu jita shine su in sun tafi da sautin ƙungiya suke tafiya, kunne na ganewa nan take, kuma suna da sunan da zasu iya ci da kansu. Mai ganga sau da yawa sai a canza shi shiru ba wanda ya tambaya.

TAMBAYA, daga wani mai fiyano a Sabon Gari: Malam ni tawa ta gida ce. Mu huɗu muka fara ƙungiyar kiɗan biki, ni ke fiyano ni ke haɗa kiɗa a situdiyo. Yanzu mai waƙarmu yayi suna, fosta sunansa, shafin TikTok a wayarsa, in an tashi biki shi ke raba kuɗi yadda ya ga dama. In bari ne ko in haƙura?

AMSA: Ɗan'uwa sannu da haƙuri. Na san irin rabon da kake nufi, na sha gani a bayan sifiku bayan an tashi, ana naɗe wayoyi janareto ya mutu, yaro ɗaya ya juye kuɗin liƙi daga leda akan murfin akwatin fiyano, 'yan ɗari biyu da ɗari biyar duk sun cukurkuɗe wasu da shatin takalmi, ana haskawa da fitilar waya ana warewa, sannan mai waƙa ya juya baya ya ƙirga ya miƙo wa kowa nasa a dunƙule, ba mai iya buɗewa a gabansa don kunya. Wannan kunyar ce ke cinku.

Kafin ka yanke komai ku zauna ku huɗu da rana tsaka, ba daren biki ba lokacin kowa ya gaji, a samu wani babba da kowa ke jin nauyinsa ya zauna a tsakani. Abubuwan da za a fayyace: kuɗin liƙi kaso nawa kowa, kafin alƙalami da masu biki ke bayarwa hannun wa yake shiga kuma wa ke gani, fiyano da sifiku da janareto wa ya saya ko kuɗin haɗaka ne, in wani ya tafi me zai ɗauka, lambar sirrin shafukanku mutum nawa suka sani, sannan uwa uba sunan ƙungiya. In za a yi rajistar suna a hukumar CAC to a tabbata sunayenku duka na cikin takardar, kar a ce wane je ka yi mana ka dawo. Kuma a rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. In wani yace ai rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka, tsakanin musulmi da musulmi kuwa.

Game da kiɗan da kake haɗawa, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta san da kai. Kiɗa aiki ne mai zaman kansa, haƙƙinsa na wanda ya ƙirƙira ne ko bai yi rajista ba sai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, kuma mallaka wa wani shi gaba ɗaya sai da rubutu. Ka riƙa adana fayilolin aikinka na situdiyo da kwanan wata, kuma duk waƙar da za a saki a sa sunanka a matsayin mai kiɗa. Amma fa in gaskiya za a bi, in shi mai waƙar ne masu biki ke nema da suna to kasonsa yafi naka ba zalunci bane, zaluncin shine a ce baka san nawa aka karɓa ba. In ya yarda aka zauna, zauna. In yace shi baya zama da yaransa, ka riga ka ji matsayinka a wajensa, sai ka fara neman wani mawaƙin tun kafin lokacin bukukuwan bayan sallah.

TAMBAYA, daga wani mai karatu a Wusasa: To wai sun shirya kuwa daga baya, ko har yau?

AMSA: Sun shirya, amma sai da aka kwashe kusan shekara 20. A tsakani Slash da Duff da mai ganga Matt Sorum sun kafa Velvet Revolver har suka ci kyautar Grammy a 2005. Axl kuma ya riƙe sunan yayi ta canza masu jita, har da wani mai kifa bokitin kaza na KFC a kansa, albam ɗin da yake ta haɗawa Chinese Democracy bai fito ba sai 2008 bayan an kashe masa kuɗin da ake cewa sun haura dala miliyan 13. A 2009 a wata hira ya kira Slash ciwon daji, a 2012 da aka karrama ƙungiyar a zauren tarihin kiɗan rok na Amurka yaƙi zuwa. A wannan shekarar wani ɗan jarida ya tare shi yana tambaya ko za a sake haɗuwa yace ba dai a wannan rayuwar ba.

Sai gashi ranar 1 ga Afrilu 2016 sun hau dandamali tare a Troubadour, wani ƙaramin gidan wasa a Los Anjelis inda suka yi wasa suna samari, a daren ma Axl ya karya ƙafa, wasannin da suka biyo baya a zaune yayi su kan wata kujera da wani mawaƙin rok Dave Grohl ya ara masa. Rangadin kuma suka sa masa sunan waccan maganar tasa, ya kai har 2019, sun zo Johannesburg a 2018, kuɗin tikiti ya haura dala miliyan 580. Latti ma ya ragu sosai. Adler ya ɗan fito a wasu wasanni na 2016 ya kaɗa waƙa ɗaya biyu a matsayin baƙo. Izzy kuwa bai dawo ba, ya rubuta a Twitter cewa basu yarda a raba ganimar daidai ba shi yasa.

Wanda ya turo tambaya daga Kwangila kan bambancin garaya da gurmi, taka sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.